Ƙoshiya da Injuna Ɗari Biyun da Ba Su Taɓa Saƙa Ba

Ƙanwata ta karɓi digirinta tana da shekara hamsin da biyar. Da ta ga dama da ta karɓa tun tana da hamsin da huɗu, amma taurin kai ya ƙara mata shekara guda, ni kuma ina da hannu a ciki. Ba yabonta zan yi ba, don ba ta da sauƙin zama, kuma ta san na sani. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, da shekara takwas a tsakani. Babanmu mai gyaran agogo ne, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa tsayawa a ciki sai ɗaya ya riƙe numfashi. Ya tura mu sakandare dukanmu. Ni na fita da takarda mai kyau, na samu aikin akawu a siton babbar masaƙar garinmu. Ita ta faɗi lissafi, ba don ba ta da kai ba, sai don ta yi gardama da malamin tun a aji uku ta daina shiga ajinsa. Da ta kai sha tara na yi mata hanya a masaƙar. Aka ba ta injuna huɗu ta kula da su, daga baya suka zama takwas.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane ba. Ƙara ce da ke shiga ta tafin ƙafa ta fito ta haƙori. Ba a magana a ciki, leɓe ake karantawa. Aikinta shi ne ta yi ta kaiwa da komowa tsakanin injunan, in zare ya tsinke ta ƙulla kafin ƙyalle ya ɓaci. Saboda wannan zirga-zirgar abokan aiki suka laƙaba mata Ƙoshiya, wato ɗan katakon nan da ke ɗauke da zare yana shawagi a cikin saƙa. Sunan ya bi ta har yau. Jikokinta ma da shi suke kiranta in sun tabbata ba ta kallon bakinsu. Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin. Ta fito da kunnen hagu a toshe, da murya wadda ko sirri za ta faɗa miki sai maƙwabta sun tofa albarkacin bakinsu.

Ranar da aka rufe masaƙar ba wanda ya yi mana jawabi. Takarda muka tarar a jikin ƙofa, da kwaɗo sabo fil. Ni na koma gida na zauna, don 'ya'yana sun riga sun kama aiki. Ita kuwa mijinta direban babbar mota ne da ciwon baya ya sauke shi, ga yara uku. Ta kama rumfa a kasuwa tana sayar da gwanjo. Ta sayo dila, ta yanke igiya, ta ware mai kyau da mai huji, mai hujin ta hau keke ta ɗinke. Takan ce da can sabo take saƙawa, yanzu tsoho take lallashi.

Shekara shida tana haka, sai autarta da ke jami'a ta manta da takardun lacca a kan keken ɗinkin. Ƙoshiya ta ɗauka za ta kawar, idonta ya faɗa kan hoton ƙofar masaƙarmu. Darasi ne a kan abin da ke kashe masana'antun ƙananan ƙasashe, aka kawo tamu misali. An ɗauko shi ne daga wani rahoto da masana daga waje suka rubuta shekara biyu kafin a rufe mu. Rahoton ya ce masaƙar tana da injuna ɗari shida, amma ƙyallen da take fitarwa bai wuce na ɗari huɗu ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa ma'aikatan ragwaye ne, ko da yake da kalmomi masu ladabi ya faɗa, kuma duk gwamnatin da ta ci gaba da kare irin wannan masaƙa daga yadin waje ruwa take zubawa a kwando.

Ɗari huɗun gaskiya ne. Ɗari shidan ne ƙarya. Injuna ɗari huɗu ke aiki a ɗakin saƙa. Sauran ɗari biyun suna cikin akwatunan katako a wata doguwar rumfa bayan sito, shekara tara cur, har aka rufe mu. Da ƙarfin iska suke aiki, suna bukatar wani babban injin hura iska da ba a taɓa kawowa ba. A kansu mata ke zama su ci abincin rana, don wajen akwai inuwa. Kowa da akwatinta. Na Ƙoshiya mai lamba ɗari da sha bakwai ne, ta taɓa marin wata a kansa.

Ta jira autar ta dawo, ta ce ta je ta faɗa wa malaminsu an yi masa ƙarya. Yarinyar ta tambaye ta ko so take a kayar da ita. Ta yi mata bayani cewa a jami'a ba a tashi a ce uwata ta ce. Ƙoshiya ta tambaya to wa aka yarda ya ce. Auta ta ce wanda ya karanta fannin. Ƙoshiya ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari ta zo ɗakina ta ce jami'a za ta shiga. Na ce mata an ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba wanda ya yi alkawari game da furfura da kurumta da rumfar gwanjo. Ta ce ba shawara ta zo nema ba, tsohon littafin lissafin ɗana ta zo ara. Ta ba ni labarin rahoton, tana buga gwiwa. Akwai abin da ya kamata in faɗa mata a ranar. Na ɗauko mata littafin, na ja bakina na yi shiru.

Sau biyu ta zauna jarrabawar lissafi tare da yaran da ta haifi yayyensu. A karo na biyu ta tsallake da ƙyar. Aka ɗauke ta a karatun ƙarshen mako, Asabar da Lahadi, shekara biyar. Sunan fannin ya fi rumfarta tsawo: siyasar tattalin arzikin duniya da ci gaban ƙasashe. Ranakun da kasuwa ta fi ci su ne ranakun lacca, saboda haka mijin ne ke zama a rumfar da matashin kai a bayansa, yana sayar da rigar dubu a ɗari bakwai don ba ya son a daɗe ana tsaye a kansa. Sun yi faɗa a kan wannan fiye da yadda suka taɓa yi a kan komai.

A aji layin gaba take zama, ta juya wa malami kunnen dama, har sababbin malamai kan ɗauka taga take kallo. 'Yan ajin Gwaggo suke ce mata. Makon farko wasu daga baya suka yi ta raɗa a kanta, ba su san leɓe take karantawa ba. Ta juya ta maimaita musu abin da suka faɗa kalma da kalma, da muryar nan tata, ta ƙara da cewa takalmin nata da suke wa dariya daga rumfarta yake, kuma ya fi na ƙafarsu tsada. Daga nan aka zauna lafiya. Kafin shekara ta zagayo rabinsu a wurinta suke sayen kaya.

Duk Lahadi da la'asar in ta taso sai ta biyo ta ɗakina, ta zube jaka, ta maimaita min laccar ko na so ko na ƙi. A bakinta na ji yadda audugar ƙasa ke fita a buhu da araha ta dawo riga da tsada, rigar ta tsufa a wata ƙasa ta sake dawowa a dila. A bakinta na ji cewa abin da ya same mu yana da suna a littafi, kuma ba mu kaɗai ya sama ba. Wani irin rance ne da ƙasa ke ba ƙasa da sharaɗi. Yadda ta fassara min shi ne: na ranta maka, amma a shagona za ka kashe, kuma ni zan zaɓa maka abin da za ka saya. Mu aka zaɓa mana injuna masu aiki da iska, injin hura iskar kuwa ba ya cikin yarjejeniya.

Ta kuma koyi abubuwan da ba su yi mata daɗi ba, kuma ba ta ɓoye su ba, wannan dole in ba ta. Ta ce ɗauke wuta ya ci mu, yadin fasa-ƙwauri ya ci mu, faɗuwar darajar kuɗin ƙasa ta sa ƙaramin ƙarfen gyara ya gagare mu, manyanmu na gida kuma ba su zauna hannu rabbana ba, su ma sun ci rabonsu. Ta ce wataƙila ko da ɗari biyun sun tashi da mun mutu. Abin da ba za ta yarda da shi ba shi ne a rubuta a kan kabarin cewa lalaci ne.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Ta maimaita darasin ƙididdiga sau ɗaya. Da yatsa biyu take buga rubutu a tsohuwar kwamfutar autarta, kamar kaza na tsintar tsaba. Amma ta kai shekarar ƙarshe, inda kowane ɗalibi zai rubuta kundin bincike, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ba sai na faɗi abin da ta zaɓa ba.

Mai duba mata aikin wata Dakta ce, ba ta wuce arba'in ba, mai hankali da taka tsantsan. Babi uku na farko suka wuce lafiya. A babi na huɗu Ƙoshiya ta rubuta cewa lissafin rahoton ƙarya ne, ta kawo labarin akwatunan. Dakta ta zagaye shafin da jan biro ta rubuta kalma ɗaya a gefe: madogara. Ta yi mata bayani cewa duk abin da ɗalibi ya faɗa sai ya nuna inda ya samo, littafi ko mujalla ko takardar hukuma.

"Dakta, shekara tara ina zaune a kansu," in ji Ƙoshiya. "In ana sa mazaunai a jerin manazarta, ki sa nawa."

Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau, amma ta ce dariya ba za ta tsallakar da ita ba. Ta gargaɗe ta cewa baƙon Farfesan da za a gayyato daga wata jami'a ya duba kundayen ya dogara da rahoton nan a cikin littafinsa, babi guda. Ta ba ta shawara ta cire babin, ta karɓi digirinta, daga baya ta yi yaƙinta da takarda a hannu. Shawara ce mai kyau. Ni ma ita na ba ta, sai dai dalilina ba irin na Dakta ba ne.

Ta shiga da babinta. Ban je ba, autarta ce ta ba ni labari. Farfesan dattijo ne, bai ɗaga murya ba, bai kuma wulaƙanta ta ba. Ya ce sauran aikin ya yi kyau, ya ce yana girmama shekarunta a masaƙa. Amma masanan nan ba daga sama suka ɗauko ɗari shida ba, masaƙar ce da kanta ta ba su a rubuce. Ba za a rushe rubutu da tunanin mutum ɗaya ba, musamman wanda abin ya shafa. Ya ba ta zaɓi biyu: ta cire babi na huɗu ya sa mata hannu a ranar, ko ta dawo baɗi da hujja. Dakta ta tuna mata dokar makaranta, cewa shekara shida ce iyakar ɗalibin ƙarshen mako. In ta dawo baɗi ba ta gamsar ba, shi ke nan, duk abin da ta tara ya bi ruwa.

"Farfesa, saboda babin nan na shigo makarantar nan," ta ce. "In na cire shi, me zan je in yi da sauran? Sai baɗi."

Mijinta da ya ji, sai ya nemi a ƙara masa matashin kai.

Ta fara da masaƙar. An mayar da ita wurin ajiye kayan da ake shigowa da su, akwatunan an daɗe da sayar wa masu gwangwan, takardun ofis kuwa mai gadi ya ce ruwa ya ci rabi, rabi an ƙone. Sai ta koma kan mutane. Duk ranar da ba kasuwa sosai ta rufe rumfa ta shiga mota, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya a jaka. Ta samo tsofaffin ma'aikata talatin da takwas, wasu a gado, wasu a bakin titi suna sayar da ruwa, ɗaya ya makance. Kowa ya tuna akwatunan. Mata da yawa har lambar nasu suka faɗa. Dakta ta ce wannan aiki ne na gaske, amma ta san Farfesan: zai ce talatin da takwas ɗin duka ma'aikata ne masu jin haushi, takardar masaƙa kuwa tana nan daram. Ta ce bari su nemo takardar kanta su gani. Ta rubuta wa wani ɗakin karatu a waje inda aka ajiye cikakken rahoton da rataye-ratayensa. Bayan wata uku aka turo hoton shafin.

Ranar Talata ce da azahar, ina tsintar shinkafa a tire, Ƙoshiya ta shigo ba jaka. Ta ajiye min takarda ɗaya a kan tiren. Fom ne na masaƙarmu. A layin injunan da ke aiki an buga ɗari shida. A ƙasa ga hatimin sito, ga sa hannu. Ba ta tambaye ni na wane ne ba. Da wannan sa hannun na cike mata takardar ɗaukar aiki.

"Yaya, tun yaushe kika san daga nan suka ɗauko?"

Na ce tun ranar da ta zo aron littafin lissafi.

Ta zauna a bakin gado. Na faɗa mata yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Manaja ne ya kira ni ofishinsa ana gobe masanan za su zo. Ya ce in masu rancen suka ga injunan ba sa aiki za su riƙe kashi na biyu, in suka riƙe kuwa ba a kai ƙarshen shekara ba za a rufe. Ya ce in buga ɗari shida. Ban yi gardama ba, ko minti ɗaya. Na ɗauka masaƙar nake ceto. Washegari aka zagaya da baƙin ɗakin saƙa da ɗakin rini, aka ba su shayi, ba wanda ya kai su bayan sito, su ma ba su tambaya ba. Manajan ya rasu tuntuni. Ni ce na rage.

Abin da ya sa na yi shiru ba ɓoyayye ba ne. Ni ce sakatariyar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata. Akawu suke ce min, wadda ko allura ba ta taɓa ɓata a sitonta ba. Tun da Ƙoshiya ta karanta musu rahoton a wani taro, duk zama sai an tsine wa masanan, ni kuma ina rubuta tsinuwar a littafin taro da kyakkyawan rubutuna.

Ta ce abu ɗaya zai raba gardama: in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa ni na cike fom ɗin kuma ba gaskiya na rubuta ba, in kuma zo gaban Farfesa in ya nema. Na ce ba zan yi ba. Na ce ina da shekara sittin da uku, ina da surukai, ba zan tsaya gaban mutanen da suka rasa aiki in ce da hannuna aka kira su ragwaye ba. Na ce mata zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Masanan sun koma ƙasarsu, manaja yana ƙasa, ni za a ci.

Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta ɗauki takardar, ta kaɗe ƙwayar shinkafar da ta maƙale a jiki, ta ninke. Ta ce ba za ta ambace ni a kundin ba sai da yardata, don haka aka koya musu, kuma ko ba a koya musu ba ni yayarta ce. Za ta shiga da mutum talatin da takwas ɗinta. In an kayar da ita an kayar.

Na ce to ta cire babin mana, tun da yanzu ta san a gida ɓarnar take.

"Don a gida take shi ya sa ba zan cire ba," ta ce.

Saura wata biyu a lokacin. Da ta ɗauke min ƙafa da na ji sauƙi. Ba ta ɗauke ba. Duk Lahadi da la'asar sai ta zo kamar kullum, ta tambayi gwiwata, ta kawo min rigar sanyi mai kyau da ta ware daga dila, ta yi ta surutun kasuwa. Ko sau ɗaya ba ta tada maganar ba. Ina kallonta tana gyara babi na huɗu a kan tabarmata, tana neman yadda za ta ƙarfafa shi ba tare da ni ba, ni kuma na san ba zai tsaya ba, ita ma ta sani. Ban taɓa ganin rashin mutunci irin wannan ba.

Saura kwana tara na sa mayafina na tafi kotu. Layin ya yi tsawo, magatakardan yaro ne mai saurin hannu, bai ko ɗaga kai ba da na karanta masa abin da na yi. Ya buga hatimi ya ce mai bi. Shekara goma sha shida ina ɗauke da abu, shi ko a jikinsa. Na kai mata rumfa na ajiye a kan keke. Tana cikin ciniki da wata, ta duba takardar, ta sa a ƙarƙashin almakashi, ta ci gaba da cinikinta.

Ranar kare kundin na bi ta. Ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu, da dogon tebur da fanka mai kuka. Farfesa na tsakiya, Dakta a dama, shugaban sashe a hagu. Aka sa ni a kujera kusa da ƙofa. Farfesan ya daɗe yana duba fom ɗin da takardar rantsuwar. Ya miƙo min farar takarda ya roƙe ni in sa hannu sau uku. Na sa. Lanƙwasar sa hannuna ba ta canza ba. Ya tambaye ni injuna nawa ke aiki ranar da baƙin suka zo. Na ce ɗari uku da tamanin da bakwai, sha uku suna jiran gyara. Ya tambaya me ya sa sai yanzu. Na ce don sai yanzu aka matsa min.

Ya jingina da kujera. Zan faɗi gaskiyarsa: bai yi ƙoƙarin zillewa ba. Ya ce babin ya tsaya. Ya ce wannan bai rushe duk abin da rahoton ya faɗa game da kare masana'antu ba, Ƙoshiya ta ce ita ma ba ta ce ya rushe ba, shafi na sittin da biyu. Ya buɗa ya gani. Sai ya ce saura gyara ɗaya. A wurare bakwai ta rubuta cewa adadin ƙarya ne. Wannan ba harshen ilimi ba ne, kuma akwai baiwar Allah a zaune da ya kamata a sakaya. Ta mayar da shi kuskure, ya ba ta maki mafi girma. Dakta ta kalle ta da ido irin na mai roƙo.

Ƙoshiya ta juyo da kunnen dama wajena.

"Yaya, kuskure kika yi?"

Na duba ta, na ga ba taimako take nema ba, ba kuma tarko ta ɗana min ba. Tambaya ce kawai.

Na ce, "A'a. Ina sane na buga."

"To kun ji, Farfesa. Kuskure ai wanda ba a sani ba ne. In na canza na zama maƙaryaciya ta biyu a gidanmu."

Bai ba ta maki mafi girma ba. Na tsakiya ya ba ta, ya rubuta a gefe cewa ɗalibar ba ta karɓar gyara, abin da malamin lissafinta ya riga shi ganowa da shekara arba'in. Amma ya sa hannu, da kalmar a wurarenta bakwai.

A kan matakala ba ta gode min ba, ni ma ban jira ba. Ta riƙe min hannu saboda gwiwa, tana faɗa da ƙarfi cewa fankar ɗakin can saura kaɗan ta faɗo wa wani a ka.

Rahoton yana nan, ana koyar da shi har yanzu. Abin da ya canza shi ne Dakta tana raba wa ɗalibanta babi na huɗu tare da shi, ta ce su karanta duka biyun su yi gardama. Farfesan ban san abin da ya yi da littafinsa ba. Ƙoshiya tana rumfarta, digirin na cikin akwati a gida, ba wanda ya ba ta aiki da shi, ita ma ba ta nema ba.

A taron ƙungiya na gaba na tashi na karanta musu takardar rantsuwar da bakina, kafin su ji a wani wuri. Na ajiye littafin taro a kan tebur na ce su nemi wata sakatariya. Wasu har yau ba sa amsa gaisuwata, kuma suna da gaskiya. Makahon nan ne ya ce a bar min littafin, don in an ba wani ba a san me shi kuma ya taɓa bugawa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, na tsira da biyu. Ƙoshiya ba ta cikin waɗanda suka zaɓe ni. Ta faɗa min da kanta a mota, da muryar da direba ma sai da ya waiwayo.